An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani ga Mai Neman a Kori Foniks Daga Nazare

Na karanta maƙalar da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya rubuta kwanakin baya a kan yadda ake koyar da karatu a makarantun nazare, na kuma ga yadda iyaye suka karɓe ta hannu bibbiyu suna sa masa albarka. A taƙaice, Malam yana ganin wannan tsari da ake kira foniks, wato koya wa yaro sautin kowane harafi da yadda zai haɗa sautukan su tashi kalma, baƙon abu ne da masu makarantun kuɗi suka kwaso daga Turai don su sami abin ƙara wa iyaye a kuɗin zango. Yana ganin tsarin na ɗora wa ƙwaƙwalwar yaro kayan da suka fi ƙarfinta, yana kuma haifar da masu karatun aku, baki na motsi, kai babu komai. Shawararsa ita ce a ƙyale yara su yi wasa, a riƙa karanta musu labarai, a nuna musu kalmomi tare da hotuna, karatu zai zo da kansa kamar yadda magana ta zo. Ya kafa hujja da ƙasar Finlan, inda yaro ba ya shiga firamare sai ya shekara 7.

Malam, Allah ya saka da alheri, akwai inda ka sosa mana wurin da ke ƙaiƙayi. Duk wanda ya tsaya bakin titi da ƙarfe bakwai na safe ya ga ɗan shekara uku yana rinjaya da jaka a baya, ido duk barci, zai ji abin da ka ji. Yaron da bai gama iya ɗaure wandonsa ba an ba shi aikin gida shafi biyu, uwa ta kama hannunsa tana rubutawa, shi yana kuka, Anti ta sa jan biro ta ba shi maki goma bisa goma. Wannan zalunci ne, ban da wani suna da zan ba shi. Inda muka rabu shi ne wanda ka ɗora wa laifin. Abin da ka gani a waɗancan azuzuwa gaggawa ce da neman burge iyaye da rashin horar da malamai. Hanyar sauti ba ta ce a ba ɗan shekara uku fensir ba, ba ta ce a ba shi jinga ba.

Bari in fara da batun baƙunta, don shi ya fi ba ni mamaki daga bakin wanda na tabbata ya riƙe allo kafin ya riƙe littafin boko. Da me aka fara maka a makarantar allo? Da babbaƙu. Malaminka ya rubuta maka haruffa tsirara, babu wasali, kana bi kana kiran kowanne da sunan da Bahaushe ya raɗa masa saboda siffarsa: ba-guje, ha-kuri, lam-jaye, kaf-lasan. Sai da ka san su ɗaya bayan ɗaya, ka gane su a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, sannan aka wanke allon aka shiga farfaru. Nan ne aka sa wa kowane baƙi wasalinsa, wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, ka ji yadda harafi ɗaya ke sauya murya gwargwadon abin da aka ɗora masa. Bayan nan ne ka fara haɗa baƙi, ka tada kalma da kanka. Babu alaramman da ya taɓa miƙa wa sabon ɗalibi allo cike da rubutu ya ce ya dubi siffar kalma ya canka. A Islamiyya ma haka abin yake, Ƙa'idatul Bagdadiyya da harafi take farawa, ta bi da wasulla uku, sannan ta shiga haɗi. Gaskiya ne akwai bambanci: tsohuwar hanya tana fara wa da sunan harafi, ta yau tana fara wa da sautinsa, ta kuma sa yaro haɗa kalma tun yana da haruffa biyar ko shida a hannu, ba sai ya ƙare su duka ba. Amma ginshiƙin ɗaya ne, daga ƙarami zuwa babba, bisa tsari, ba tsallake.

Haka nan a boko. Waɗanda suka yi firamare lokacin da ake koyar da Hausa da gaske ba su manta ba be bi bo bu ba, da malami mai sanda yana nuna gaɓa a allo, a ɗauko ta nan a haɗa da ta can, sai ga kalma. Da haka dubban mutane suka iya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, suka iya rubuta wa iyayensu wasiƙa.

Abin da ya zo mana daga waje, in ana maganar baƙo, shi ne wanda Malam yake kira a koma wa. Ra'ayin cewa yaro zai tsinci karatu da kansa in an kewaye shi da littattafai yana da tarihi da iyayen gida. A 1967 wani masani Ba'amurke, Kenneth Goodman, ya bayyana karatu a matsayin wani irin wasan canke, inda mai karatu ke dogaro da ma'anar jimla da abin da ya riga ya sani don ya hasashi kalmar da ke tafe, ba sai ya bi haruffa ɗaya bayan ɗaya ba. Ra'ayin ya yi farin jini ƙwarai, domin yana da daɗin ji, yana kuma sauƙaƙa wa malami. Aka riƙa koya wa yara cewa in sun ci karo da kalma mai wuya su dubi hoto, ko su dubi harafin farko su yi tunanin abin da zai dace. Jihar Kalifoniya ta rungumi tsarin a 1987. Kafin tsakiyar shekarun 1990 ɗalibanta 'yan aji huɗu sun gangaro sahun ƙarshe a jarrabawar karatu ta ƙasa baki ɗaya, dole jihar ta yi kwana. Tun kafin nan ma, a 1955, Rudolf Flesch ya rubuta littafi sukutum yana kukan cewa yaran Amurka ba sa iya karatu saboda an daina koya musu sauti an koma haddar siffar kalma. A 2022 'yar jarida Emily Hanford ta sake tono maganar a wani jerin shirye-shiryen sauti da ya girgiza iyaye, jihohi da dama suka sauya dokokinsu na koyar da karatu. Wato dai hanyar da Malam ke nuna mana an bi ta, an ga inda ta ɓulle, masu ita suna juyowa.

Dalilin da ya sa ba ta kai ba a fili yake. Magana da karatu ba tafiyarsu ɗaya ba. Duk yaro mai lafiya da ya tashi cikin mutane zai yi magana ko ba a zaunar da shi ba, haka Allah ya halicci ɗan Adam. Rubutu kuwa ƙirƙira ce, shekarunsa a duniya ba su wuce dubu biyar da 'yan kai ba, kuma yarjejeniya ce tsakanin mutane cewa wannan zane shi ke wakiltar wancan sauti. Yarjejeniya sai an gaya maka ita. Masanin ƙwaƙwalwa Bafaranshe Stanislas Dehaene ya nuna cewa mai koyon karatu wani sashe na ƙwaƙwalwarsa da ke gane siffofi yake horarwa ya koma gane haruffa, ya ƙulla shi da sashen da ke kula da sautin magana. Ba ma sai mun je Faransa ba. Kakanninmu mata nawa ne suka shekara hamsin suna wuce allunan talla a kasuwa, suna riƙe kwalin magani da takardar kuɗi, suna zaune cikin jikoki masu littattafai, har suka koma ga Allah ba su tada baƙi ɗaya na boko ba? Da karatu na shiga ta iska da sun riga mu.

Na ga abin da haddar kalma ke haifarwa da idona. A wata firamare da na je duba ɗaliban da ke gwajin koyarwa, malamar aji huɗu ta tsayar da wani yaro da take alfahari da shi ya karanta mini shafi. Ya zuba shi tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu, har da ɗaga murya a wurin tambaya. Da ya gama na sa yatsa a kan wata kalma a tsakiyar layi na uku na ce ya faɗa mini ita kaɗai. Sai na ga leɓensa na motsi. Ya koma farkon layin yana biyawa a ransa, yana taɓa kalmomi ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa yana ƙirgawa, har ya iso inda nake, sannan ya faɗa. Na ɗauki alli na rubuta tasa a allo, haruffa huɗu. Bai dubi allon ba, fuskata ya duba, yana neman amsa a can. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, wanda ya iya haddace shafi guda har ya ƙirƙiro dabarar ƙirga yana da kaifin basira. Shekara huɗu ya yi a makaranta babu wanda ya gaya masa cewa t da a in sun haɗu ta suke cewa. Karatun aku da Malam ke tsoro, ga shi nan, kuma ba foniks ya haife shi ba.

Ga abin da aka samu inda aka gwada hanyar sauti bisa tsari. A gundumar Clackmannanshire ta Sikotlan, masu bincike biyu, Rhona Johnston da Joyce Watson, sun bi yara kusan 300 tun daga ajin farko, lokacin suna wajen shekara 5, har tsawon shekara bakwai, suka fitar da rahoto a 2005. Darasin farko minti 20 ne a rana na mako 16. Da yaran suka kai ƙarshen firamare, iya karanta kalmominsu ya zarce na shekarunsu da shekara uku da rabi. Wannan na cikin abin da ya sa Ingila, bayan rahoton Jim Rose na 2006, ta sa hanyar a makarantunta tun daga ajin share fage, na 'yan shekara 4 zuwa 5. A 2012 ta fara wani ɗan gwaji ga 'yan shekara 6: kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne marasa ma'ana, da gangan, don a bambance wanda ya iya haɗa baƙi da wanda ya yi hadda. A shekarar farko kashi 58 cikin 100 suka haye. A 2019 sun kai kashi 82.

Ba zan ɓoye rabin labarin ba, don Malam zai iya tono shi. A wancan bincike na Sikotlan, fahimtar abin da aka karanta ba ta yi irin wancan tsalle ba, wata uku da rabi kawai ta zarce. A Ingila ma akwai masana da ke sukar gwamnati cewa ta ba sauti fili fiye da kima ta matse sauran sassan karatu. Wannan suka ce mai ma'ana, ta kuma kai mu ga ainihin ciwon da ke damun nazarenmu. Tun 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana fahimtar karatu da lissafin sau: iya tada kalma sau fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. In ɗaya ya zama sifiri, sakamako sifiri ne. Yaron da ya san harshe bai iya haɗa baƙi ba, ba zai karanta ba. Wanda ya iya haɗa baƙi bai san harshen ba, zai fitar da sauti ne kawai. To yanzu dubi ɗan nazarenmu. A gida Hausa, a layi Hausa, da kakarsa Hausa. Ya zo makaranta an ce ya haɗa s da a da t, ya haɗa daidai, sat ta fito, sai dai bai san mece ce ita ba. Malam ya ji wannan ya ce foniks ya mai da yaro aku. Ni kuwa na ce an koya masa buɗe ƙofa ne a gidan da bai san kowa ba.

Nan ne ya kamata fushin Malam ya sauka, domin asarar da muke yi babba ce. Ingilishi na cikin harsunan da rubutunsu ya fi wahalar koyo. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44, harafi ɗaya ya yi murya uku, sauti ɗaya a rubuta shi ta hanya huɗu. Dubi though da through da enough, ƙarshensu ɗaya a ido, a baki kowacce da inda ta nufa. A 2003 Philip Seymour da abokan aikinsa suka kwatanta yara a harsunan Turai 13 bayan shekara ɗaya da fara koyon karatu. Yaran Finlan da Girka da Italiya da Sifen da Jamus suna karanta sama da kashi 90 cikin 100 na sanannun kalmomi daidai. Yaran Sikotlan masu koyo da Ingilishi kashi 34 suka samu. An yarda sun fi sauran ƙanƙanta da shekaru, amma ko a shekara ta biyu ba su kamo ba. Masu binciken suka ce mai koyo da Ingilishi yana bukatar fiye da ninki biyu na lokaci.

Boko na Hausa yana sahun masu sauƙin ne. Wasali biyar, kusan kowane baƙi da muryarsa guda, har waɗanda Ingilishi ba shi da su an yi musu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Gaɓoɓinmu gajeru ne masu tsari, baƙi da wasali, wani lokaci da baƙi a ƙarshe. Rauninsa sananne ne, ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fita iri ɗaya a takarda. Amma yaron da Hausa ce harshensa jimla ke warware masa wannan ba tare da ya tsaya ba. Yaro ɗan shekara biyar da ya san haruffa goma na Hausa zai iya karanta kalmomi masu yawa da ya sani tun yana goye, ya ji ma'anarsu nan take. Muna da wannan gata a hannu, sai muka ajiye shi muka fara wa yara da mafi wuya, a harshen da ba su ji.

Wannan ya kawo ni Finlan, hujjar da Malam ya fi jingina da ita. Gaskiya ne sai shekara 7 suke shiga firamare. Abin da bai faɗa ba shi ne, in sun shiga, da sautin harafi da haɗa gaɓa ake koya musu, ba da canke ba. Rubutun harshensu kusan harafi ɗaya sauti ɗaya ne, shi ya sa cikin 'yan watanni suke gamawa. Da harshen da suke magana a gida ake koya musu. Kafin nan akwai shekarar share fage ta 'yan shekara 6, wadda ta zama dole tun 2015, inda ake wasa da sautuka da haruffa, kuma da yawansu suna shiga aji ɗaya sun riga sun fara karatu. Ga ɗakunan karatu a kowace unguwa, ga malamai masu digiri na biyu. In Malam na son mu kwaikwayi Finlan, bismillah, amma a ɗauko ta da kayanta. Ɗaukar shekara 7 kaɗai a bar sauran, a kawo wa yaron da zai shiga aji mai ɗalibai fiye da ɗari da malami ɗaya, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Akwai kuma ɓarnar da ke faruwa in aka kwafo tsarin Ingilishi aka dasa ba a duba ƙasa ba. Jolly Phonics, wanda Sue Lloyd da Chris Jolly suka fitar a Ingila a 1992, shi ne ya fi yaɗuwa a makarantunmu, kuma tsari ne mai kyau ga abin da aka yi shi dominsa. Yana koyar da sautuka 42, yana fara wa da s, a, t, i, p, n. Amma p ba ta cikin sautukan da Bahaushe ke bambancewa da f, don haka tun a makon farko an haɗa yaro da abin da kunnensa bai saba rarrabewa ba, sau da yawa Antin ma fama take da shi. Sannan a koya masa c tana cewa k, ya dawo gida ya ga ciki a rubuce ya karanta kiki. Wasu malaman kuma suna manna wa kowane baƙi wasali, maimakon sautin tsura, sai yaro ya haɗa cat ta fito masa kata. Wasu ma waƙoƙin da motsin hannu kawai suka ɗauka, aji ya yi ta rausaya kullum, a ranar taron iyaye a burge kowa, amma ba a taɓa zama an haɗa sauti biyu ba. Duk wannan gyara yake so: horo, da fara wa da harshen yaro, da kawo Ingilishi ta baki tukuna, ta hira da waƙa da labari, kafin a kawo shi a takarda. Wanda ya iya haɗa baƙi a Hausa ba sai an sake koya masa dabarar ba, sabbin ƙa'idoji kawai zai ƙara.

Game da shekaru, ina tare da Malam rabin hanya. Ɗan shekara uku ba shi da haɗi da fensir. Abin da ya dace da shi aikin kunne ne: a tafa gaɓoɓin sunansa, A-mi-na tafi uku, a tambayi wa sunansa ya fara kamar na Musa, a yi kacici-kacici da karin magana mai karya harshe da waƙoƙin gaɗa, a yi masa tatsuniya ya maimaita. Ko a Ingila matakin farko na tsarin da gwamnati ta fitar a 2007 na sauraro ne zalla. Daga shekara huɗu da rabi zuwa biyar sai a shigo da haruffa, kaɗan-kaɗan, minti 15 zuwa 20 a rana, sauran yini wasa da labari. Kwamitin da majalisar Amurka ta sa aka kafa kan karatu, wanda ya ba da rahoto a 2000, ya gano cewa koyar da sauti bisa tsari ya fi tasiri in an fara shi a ajin share fage da aji ɗaya fiye da in an jira sai yaro ya girma, ya kuma gano cewa horon kunne da ya fi amfani bai wuce awa 5 zuwa 18 ba gaba ɗayansa. Awa 18 kacal, Malam. Wannan ne kayan da zai karya ƙwaƙwalwa?

Na taɓa zama a bayan wani aji na 'yan shekara biyar a wata ƙaramar makarantar unguwa, ɗaki ɗaya da tabarmi. Malamar ta tara marafan kwalaben lemo a gwangwani, ta rubuta harafi ɗaya a cikin kowanne. Ta zube su a tabarma, ta jera k, a, z, a, yara suka ja sautin tare da ita a hankali, sannan da sauri, kaza ta fito, wani ya yi kukan kaza aka yi dariya. Sai ta cire z ta ce wa zai sa wani. Wata yarinya mai kitso biyu ta laluba ta ɗauko k ta ajiye a gurbin. Ta yi shiru tana motsa baki, can sai ta daka tsalle ta ce, "Kaka! Malama, Kaka ce!" Ba wanda ya gaya mata, babu hoto, ba ta taɓa ganin kalmar a rubuce ba. Darasin bai kai minti 20 ba suka fita wasan 'yar gala-gala. Kuɗin kayan aikin kuwa, alƙalamin maka ɗaya ne. Saboda haka in wata makaranta ta rubuta wa iyaye kuɗin foniks daban a takardar zango, Malam ya yi gaskiya, tatsa ce, a tambaye su dalili.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda zai biya kuɗin shawarar Malam in aka bi ta. 'Ya'yan Malam da jikokinsa ba za su yi asara ba. A gidansa akwai littattafai, akwai mai zaunar da yaro ya nuna masa harafin farko na sunansa, wato ana koya musu sauti a gida ba tare da an kira shi da wani suna ba. Irin waɗannan yara ne ake gani a ce sun tsinci karatu da kansu. Ɗan mai faskare da ɗiyar mai ƙosai, waɗanda littafin farko da za su taɓa shi ne na makaranta, ba su da wannan. In makaranta ba ta gaya musu yadda rubutu ke aiki ba, babu mai gaya musu. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta suna da shekara 10. A irin wannan hali, cewa a jira karatu ya zo da kansa magana ce ta wanda nasa suka riga suka haye.

Ba daga sifiri za mu fara ba. Littattafan Mu Karanta! da aka yi amfani da su a firamaren Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk a kan sautin haruffan Hausa da haɗa gaɓa aka gina su, an kuma horar da malamai a kai. Na 'yan firamare ne, amma mai nazare da ke da niyya zai sami abin ɗauka. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajinsa na Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, ba su kuma gaza a Ingilishi ba. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko na yankinsa, sai dai makarantun kuɗi ba su taɓa ɗaukar ta da muhimmanci ba, mu iyaye kuma mu ne kan gaba wajen jin daɗi in an ci tarar yaro don ya yi Hausa a aji. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar harshen uwa ta 2022 da komawa Ingilishi. Ina ganin kuskure ne, amma ko da hakan, ba a hana kowa koyar da Hausa a matsayin darasi ba, ba a kuma hana uwa zama da ɗanta da marafan kwalba bayan la'asar ba.

Malam, alƙalaminka na da masu saurare, ga shaida nan yadda iyaye suka ɗauki maganarka. Ina roƙon ka juya shi kan jakar da ta fi yaro nauyi, da aikin gida na 'yan shekara uku, da masu makarantar da ke ɗaukar malama yau su tura ta aji gobe ba horo, da tarar da ake ci don an yi Hausa. A nan za ka same ni a bayanka. Ku kuma iyaye, kada ku cire yaro daga makaranta don ana koya masa sauti, kada kuma ku yarda da maki goma bisa goma. In ɗanku ya kai shekara shida, ku rufe littafin makaranta, ku rubuta masa wata kalma ta Hausa mai haruffa huɗu da bai taɓa gani ba a bayan kwali, ku miƙa masa. In ya ja sautukan ya tada ta, malamarsa na aikinta, ku je ku yi mata godiya. In ya ɗago yana kallon fuskarku, gobe da safe ku nemi shugaban makarantar.